Yadda Ake Warware Tambayoyin Aljabara, Tirigonometiri da Iyaka a Sakandare

Ɗalibin da ya kai aji biyu ko aji uku na babbar sakandare yana shirin WAEC ko NECO, ko kuwa takwaransa na Jamhuriyar Nijar mai shirin bakaloriya a fannin kimiyya, zai ci karo da darussa uku waɗanda ake koyarwa a babobi daban-daban, har ya ɗauka babu abin da ya haɗa su: aljabara, da tirigonometiri, wato lissafin kusurwoyi da alwatika, da kuma iyaka, wato darajar da lissafi ke dosa, wadda a Najeriya aka fi saduwa da ita a darasin ƙarin lissafi. Na daɗe ina duba ayyukan ɗalibai a waɗannan darussa, kuma abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan makin da ke zubewa ba rashin haddace fomula ke zubar da shi ba. Ɗalibi yakan san fomula sarai, amma sai ya ɗauki wani mataki a tsakiyar aiki ba tare da ya tambayi kansa ko matakin ya halatta ba, sannan ya ajiye alƙalami ba tare da ya mayar da amsarsa cikin tambaya ya gwada ta ba. Waɗannan ɗabi'u biyu, tambayar halaccin kowane mataki da gwada amsa, su ne nake so mai karatu ya riƙe a duk misalan da za su biyo.

Kafin a shiga lissafin kansa, akwai abu ɗaya game da takardar jarrabawa. A ɓangaren da ake rubuta aiki dalla-dalla, masu duba takarda suna ba da maki na hanya daban, da maki na amsa daban. Wanda ya rubuta matakansa a fili, ko da ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, zai tsira da wani abu, wanda kuwa ya ajiye amsa ita kaɗai, in ta kuskure, ya tashi a tutar babu. Saboda haka a saba da rubuta kowane mataki a layinsa tun a gida.

Aljabara

Sunan wannan darasi ya samo asali ne daga littafin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kalmomi biyu na sunan littafin, al-jabr da al-muƙabala, suna bayyana aikin da har yau muke yi: a ƙara abu ɗaya a ɓangarorin daidaito biyu don a kawar da ragi, sannan a soke abin da ya yi kama da juna. Daidaito, wanda ɗalibai ke kira ikweshan, kamar sikeli yake, abin da aka yi wa hannun dama dole a yi wa na hagu. Malamai sukan ce "a tsallakar da shi, alamarsa ta canza", kuma wannan gajeriyar hanya ce mai amfani, amma ya kamata ɗalibi ya san cewa ainihin abin da ake yi shi ne ƙarawa ko ragewa a ɓangarorin biyu.

Tambayar da ta zo da labari, aikin farko a kanta shi ne a sa wa abin da ba a sani ba suna, a rubuta a fili. A ce wani lambu mai kusurwa huɗu tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 3, girman filinsa kuma murabba'in mita 40 ne. Sai a rubuta: faɗi shi ne x, tsawo shi ne x + 3. Daga nan x(x + 3) = 40, wato x² + 3x − 40 = 0. Yanzu ana neman lambobi biyu waɗanda in an ninka su za su ba da −40, in an tara su kuma su ba da 3, su ne 8 da −5. Saboda haka (x + 8)(x − 5) = 0, kuma tun da abubuwa biyu ba sa ninka juna su ba da sifili sai ɗayansu sifili ne, x = −8 ko x = 5. Faɗin lambu ba ya zama ƙasa da sifili, sai a jefar da −8 tare da rubuta dalili, a ce faɗi mita 5, tsawo mita 8, kuma 5 sau 8 ya ba da 40 kamar yadda tambaya ta ce.

Idan lambobin sun ƙi samuwa cikin sauƙi, kada a ɓata lokaci ana lalube. Akwai hanyar cika murabba'i, kuma misalin al-Khwarizmi kansa ya isa a koye ta da shi: x² + 10x = 39. A ɗauki rabin 10, wato 5, a ninka shi da kansa ya zama 25, a ƙara a ɓangarorin biyu. Hagu ya zama (x + 5)², dama ta zama 64. Tushen 64 shi ne 8 ko −8, don haka x = 3 ko x = −13. Shi marubucin 3 kaɗai ya karɓa, domin a zamaninsa ba a lissafa lamba mai ƙasa da sifili a matsayin amsa, amma mai jarrabawa a yau yana son duka biyun. Daga wannan hanya ce aka fitar da fomular warware ax² + bx + c = 0 da kowa ya haddace, x = [−b ± √(b² − 4ac)] / 2a, kuma wanda ya taɓa fitar da ita da hannunsa sau biyu ko uku ba ya mantawa da ita a ɗakin jarrabawa.

Wurin da fomula ke kayar da mutane shi ne alamar ragi. A cikin 2x² − 7x + 3 = 0, b shi ne −7, saboda haka −b shi ne 7, kuma b² shi ne 49. Wanda ya danna −7² a kalkuleta ba tare da baka biyu ba zai ga −49, domin na'urar tana fara ninka 7 da kansa ne kafin ta sa alamar. Da an kiyaye wannan, 49 − 24 = 25, tushensa 5, amsoshi su ne 12/4 da 2/4, wato 3 da ½.

Yanzu ga matakai biyu masu haɗari, waɗanda za mu sake haɗuwa da su har ƙarshen wannan bayani. Na farko shi ne rabawa da abin da ba a san darajarsa ba. An ba ɗalibi x² = 5x, sai ya raba ɓangarorin biyu da x, ya samu x = 5, ya wuce. Amma sifili ma amsa ce, domin 0² = 5 × 0. Ya rasa ta ne saboda rabawa da x tana nufin ya riga ya yanke hukunci cewa x ba sifili ba ne, alhali ba wanda ya gaya masa haka. Hanyar da ta dace ita ce a tattaro komai ɓangare ɗaya, x² − 5x = 0, a fitar da x waje, x(x − 5) = 0, sai amsoshi biyun su bayyana.

Na biyu kishiyar na farko ne, domin shi ƙaro amsar ƙarya yake yi. A ɗauki √(x + 7) = x − 5. Babu makawa sai an ninka kowane ɓangare da kansa don a kawar da tushen, sai a samu x + 7 = x² − 10x + 25, wato x² − 11x + 18 = 0, wanda ya ba da x = 9 ko x = 2. A gwada 9: tushen 16 shi ne 4, kuma 9 − 5 = 4, ya yi daidai. A gwada 2: tushen 9 shi ne 3, domin alamar √ tushen da ba shi da ragi take nufi, amma 2 − 5 = −3, bai yi ba. Lambar 2 ta shigo ne ta dalilin cewa 3 da −3 murabba'insu ɗaya ne. A irin wannan tambaya gwaji wani ɓangare ne na aikin kansa, kuma wanda ya rubuta amsoshi biyun ya yi kuskure ko da duk layukansa na sama daidai suke. Haka nan a tuna cewa a lissafin rinjaye, wato inda wani ɓangare ya fi ɗaya girma, ninkawa ko rabawa da lamba mai ragi tana juya alamar: −2x > 6 yana nufin x < −3, kuma gwada −4 a cikin tambayar zai tabbatar da haka nan take.

Tirigonometiri

Duk tambayar da ta shafi tsawo, nisa ko kusurwa, a fara da zane, ko da kuwa tambayar ba ta nema ba. Mutum yana tsaye mita 30 daga gindin hasumiyar masallaci, ya ɗaga kai ya hangi ƙololuwarta a kusurwar digiri 30. Zane zai nuna alwatika mai kusurwar digiri 90 a gindin hasumiya, gefen da ke maƙwabtaka da kusurwarmu mita 30 ne, wanda ake nema kuma shi ne mai fuskantarta. Abin da ya haɗa waɗannan gefuna biyu shi ne tan, wato gefe mai fuskantar kusurwa a raba shi da maƙwabcinta, kamar yadda SOHCAHTOA da ake rerawa a aji ke tunatarwa. Tsawo ya zama 30 × tan 30°, wato kimanin mita 17.3. Idan tambayar ta ce idon mutumin yana mita 1.5 daga ƙasa, zanen ne zai tuna maka cewa alwatikar daga ido ta fara, sai a ƙara 1.5 a samu mita 18.8. Wanda bai yi zane ba kusan kullum yakan manta da wannan ƙari.

Ba na ba da shawarar a haddace teburin sin da cos na digiri 30, 45 da 60 kamar karatun allo, domin a cikin ruɗanin jarrabawa ½ da √3/2 sukan sauya wuri. Alwatika biyu sun wadatar. Ta farko mai gefuna uku daidai, kowane 2, a tsaga ta biyu daga sama: za a samu gefuna 1, √3 da 2, da kusurwoyin 30 da 60. Ta biyu rabin murabba'i mai gefe 1, wadda gefunanta 1, 1 da √2 ne, kusurwarta 45. A zana su a gefen takarda cikin rabin minti, duk darajojin suna nan. Ita ma ƙa'idar sin²x + cos²x = 1 ba wata baƙuwa ba ce, ƙa'idar Fitagoras ce aka raba ta da murabba'in gefe mafi tsawo.

Kalkuleta kuma a duba ta kafin a fara. A danna sin 30: in ta ba da 0.5 tana kan digiri, in ta ba da −0.988 tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, kuma duk abin da aka lissafa da ita a haka ya lalace.

Idan alwatika ba ta da kusurwar 90, ana duba abin da aka bayar. Gefe da kusurwar da ke fuskantarsa suna kiran ƙa'idar sin, gefuna biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, ko gefuna uku, suna kiran ƙa'idar cos. Motoci biyu sun bar mahaɗa ɗaya a hanyoyi biyu masu digiri 60 a tsakaninsu, ɗaya ta yi kilomita 8, ɗaya ta yi 5. Bisa ƙa'idar cos, tun da cos 60° shi ne ½, murabba'in nisan da ke tsakaninsu shi ne 64 + 25 − 2 × 8 × 5 × ½ = 49, nisan kilomita 7 ke nan.

Inda aljabara ke dawowa da ƙarfinta shi ne a daidaiton kusurwoyi. A warware 2 sin x cos x = sin x, daga 0° zuwa 360°. Hannu yana ƙaiƙayin soke sin x a ɓangarorin biyu, kuma wanda ya yi haka zai samu cos x = ½, ya rubuta 60°, wataƙila ya tuna da 300°. Wannan shi ne kuskuren x² = 5x ya sake riga. A tattaro, a fitar da sin x waje: sin x (2 cos x − 1) = 0. Daga sin x = 0 ana samun 0°, 180° da 360°, daga cos x = ½ ana samun 60° da 300°. Amsoshi biyar ne, mai sokewa ya zubar da uku. Dalilin 300° kuwa shi ne kalkuleta kusurwa ɗaya kawai take bayarwa, sauran aikin na ɗalibi ne: cos yana da daraja sama da sifili a rubu'i na farko da na huɗu na da'ira, sin a na farko da na biyu, tan a na farko da na uku.

Wani lokaci sin da cos sukan haɗu a tambaya ɗaya, kamar 2 cos²x + 3 sin x = 3. A maye gurbin cos²x da 1 − sin²x, a kira sin x da suna s don ido ya huta, sai a ga 2s² − 3s + 1 = 0, wato (2s − 1)(s − 1) = 0. Idan s = ½, x shi ne 30° ko 150°, idan s = 1, x shi ne 90°. Da a ce wata amsa ta fito kamar s = 2, sai a jefar da ita, domin sin ba ya wuce 1 kuma ba ya kasa −1.

Iyaka

Wannan darasi yana tsorata ɗalibai ne saboda ba a cika tsayawa a bayyana tambayar da yake yi ba. Idan aka ce a nemo iyakar wani lissafi yayin da x ke kusantar 2, ana tambayar inda darajar lissafin ta dosa ne yayin da x ke matsowa kusa da 2 daga hagu da dama, ba tare da ya taka 2 ɗin ba. A kan wannan tunani aka gina kalkulas, wanda Newton da Leibniz suka assasa a ƙarni na 17, kuma sai a ƙarni na 19 masana irin su Cauchy na Faransa suka tsara ma'anar iyaka da kyau. Idan ɗalibi ya ji abin ya yi masa nauyi a mako na farko, ya sani cewa manyan masana ma sun ɗauki fiye da shekara ɗari kafin su daidaita shi.

Matakin farko kullum shi ne a sa lambar kai tsaye a gani. Idan aka samu lamba sosai, kamar iyakar x² + 1 a wajen 3 da ta ba da 10, aiki ya ƙare. Idan aka samu 0/0, wannan ba amsa ba ce, ba sifili ba ne kuma ba 1 ba ne, galibi alama ce cewa akwai wani abu ɗaya ɓoye a sama da ƙasa wanda ya kamata a fitar. A ɗauki (x² − 4)/(x − 2) yayin da x ke kusantar 2. Sama yana warwarewa zuwa (x − 2)(x + 2), a soke x − 2, saura x + 2, iyaka ita ce 4.

Mai karatu mai lura zai tsaya a nan ya ce: ashe ba yanzu aka hana mu sokewa ba? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce zuciyar darasin. A x² = 5x ba mu da tabbacin cewa x ba sifili ba ne, don haka rabawa ba ta halatta ba. A nan kuwa ma'anar iyaka ita da kanta ta ce x ba ya taɓa zama 2, saboda haka x − 2 ƙaramar lamba ce amma ba sifili ba, rabawa da ita ta halatta. Ƙa'idar ɗaya ce a wuraren biyu, yanayin ne ya bambanta. Gwaji ma yana nan: a sa 1.99 a tambayar asali a samu 3.99, a sa 2.01 a samu 4.01, duka suna nuna 4.

Idan akwai tushe a ciki, ana ninka sama da ƙasa da abokin lissafin mai kishiyar alama. Ga (√(x + 9) − 3)/x yayin da x ke kusantar sifili, a ninka da √(x + 9) + 3. Sama ya zama (x + 9) − 9, wato x, a soke shi da na ƙasa, saura 1/(√(x + 9) + 3), wanda ya ba da 1/6. Idan kuma x yana girma ba ƙarshe, kamar a (3x² + 5x)/(2x² − 1), a raba komai da x², sai 5/x da 1/x² su narke zuwa sifili, a bar 3/2.

Sai a bambanta 0/0 da lamba sosai a kan sifili. A 1/x, idan x ya kusanci sifili daga dama darajar tana hauhawa ba ƙarshe, daga hagu kuma tana gangarawa ba ƙarshe, ɓangarorin biyu ba su haɗu ba, don haka amsar da za a rubuta ita ce babu iyaka a wurin.

Akwai iyaka ɗaya ta kusurwoyi da ake buƙatar riƙewa: (sin x)/x tana kusantar 1 yayin da x ke kusantar sifili, da sharaɗin cewa x a radiyan yake. Sin na 0.1 radiyan shi ne 0.0998, in an raba da 0.1 a samu 0.998. A digiri kuwa abin da ke fitowa kimanin 0.01745 ne, wato π/180, don haka a nan kalkuleta radiyan take buƙata, saɓanin tambayar hasumiya. Don amfani da ƙa'idar dole abin da ke cikin sin ya zama shi ne a ƙasa. A (sin 3x)/(5x), sai a rubuta shi a matsayin 3/5 sau (sin 3x)/(3x), iyaka ta zama 3/5.

Tambayar da nake so ɗalibi ya gwada kansa da ita ita ce iyakar (1 − cos x)/x² yayin da x ke kusantar sifili, domin darussan uku duka suna cikinta. Sa sifili kai tsaye yana ba da 0/0. A ninka sama da ƙasa da 1 + cos x, wanda ya halatta tun da darajarsa kusa da 2 take a wannan wuri. Sama ya zama 1 − cos²x bisa ƙa'idar aljabara ta bambancin murabba'i biyu, tirigonometiri kuma ya ce wannan shi ne sin²x. Yanzu lissafin ya zama murabba'in (sin x)/x, sau 1/(1 + cos x). Na farko yana kusantar 1, na biyu yana kusantar ½, amsa ita ce ½. A mayar da kalkuleta kan radiyan a gwada da x = 0.1: cos ɗinsa 0.995004, a cire shi daga 1 saura 0.004996, a raba da 0.01, sai allon ya nuna 0.4996.